Likita Dutton da Zazzaɓin Kaska

A ƙasashen Kwango da Tanzaniya akwai wata irin kaska wadda ba ta bin shanu kamar tamu. Ita a cikin tsagar bangon ɗaki take ɓuya, sai dare ya yi ta fito ta sha jinin mai barci, ta koma. Bayan kamar mako guda sai zazzaɓi mai zafi ya kayar da mutum. Ya yi kwana uku ko huɗu, ya sake shi, har a yi masa barka. Ashe da sauran rina a kaba, gama ciwon yakan komo, wani lokaci har sau da yawa. Mutanen ƙasar sun daɗe suna zargin kaskar nan, amma likitoci ba su tabbatar ba.

A cikin 1903 makarantar likitoci ta Liverpool a Ingila ta aiki Likita Dutton, wanda ya taɓa zuwa Nijeriya a 1900 binciken zazzaɓin sauro, da abokinsa Likita Todd mutumin Kanada, su tafi Kwango saboda ciwon barci. Can suka tarar da wannan zazzaɓi. Suka ɗibi jinin marasa lafiya suka duba da madubin likita, sai ga waɗansu ƙwayoyi sirara, a murɗe kamar igiya. Sa'an nan suka sa kaska ta ciji birai, birai suka kamu. Har 'ya'yan kaskar da aka ƙyanƙyashe, waɗanda ba su taɓa shan jinin kowa ba, su ma suka ba birai ciwon, wato daga uwa suke gādonsa tun a ƙwai.

Su biyun duka ciwon ya kama su. Todd ya tashi. Dutton kuwa ya yi ta aiki tsakanin kwanciya da kwanciya, har ya rasu a Kasongo ran 27 ga Fabrairu, 1905. Aka sa wa ƙwayar sunansa.

Har yanzu gane ciwon yana da wuya, don ya yi kama da zazzaɓin sauro, ƙwayar kuma ba ta cika bayyana a jini ba sai lokacin da jiki ya yi zafi. Dalilin komowarsa shi ne ƙwayar takan sāke kamanninta, sai jiki ya rasa gane ta. Da fari da maganin arsenik aka yi ta fama, daga baya aka sami penisilin da tetrasaikilin. Amma likita yakan tsare majinyaci bayan shan farko, gama sa'ad da ƙwayoyin suke mutuwa zazzaɓin yakan ƙara tashi na 'yan sa'o'i, abin da ya fi haɗari ga mace mai ciki.