Gigin tsufa: daga zauren Parakou zuwa ɗakin gwaje-gwaje

Tun zamanin da fatake ke ratsa ƙasar Borgu daga Kano zuwa Salaga neman goro, Hausawa suka kafa zango a Parakou da Djougou a arewacin Benin, suka zauna da Dendawa da Bargawa, suka kuma riƙe al'adarsu game da tsoho. Idan dattijo ya fara manta sunan jikokinsa, yana maimaita magana ɗaya, ko ya fita ya kasa gane hanyar gida, sai a ce gigin tsufa ne. A sa yaro ya riƙa bin sa, a yi haƙuri da shi, amma ba a kai shi asibiti, domin ba a ɗauke shi mara lafiya ba. Har yau wannan fahimta na da ƙarfi daga unguwar Zongo zuwa Ganou a Parakou. Likitocin Turai ma haka suka ɗauki lamarin har bayan tsakiyar ƙarni na 20. Waɗanda suka sauya ra'ayin su ne likitocin ƙwaƙwalwa da masana sinadaran jiki, kuma tarihin aikinsu ya nuna cewa iliminsu bai daidaita ba sai da aka dubi tsofaffin Afirka ta Yamma. Don haka gari irin Parakou ya cancanci zama wurin da ake yin binciken kansa, ba wurin ɗibar jini a tura waje kawai ba.

A 1906 likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana abin da ya gani a ƙwaƙwalwar Auguste Deter, wata mata da ta rasu tana da shekara 55 bayan ta ruɗe: wasu dunƙule-dunƙule a tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, da wasu zaruruwa a murɗe a cikinsu. Shekara 70 aka yi ana ganin wannan cuta ce ta tsirarun mutane da ba su tsufa ba, har sai da Robert Katzman ya kafa hujja a 1976 cewa ita ce ke addabar yawancin tsofaffin da ake cewa sun yi gigi. Daga nan aikin ya koma hannun masu tace furotin. A 1984 George Glenner da Caine Wong suka ware furotin ɗin da ke yin dunƙulen, wato amiloyid. A 1993 aka gano a Jami'ar Duke cewa wani nau'in ƙwayar gado mai suna APOE4 na ƙara haɗarin kamuwa, a 1995 kuma aka gano presenilin a Toronto, furotin da ke cikin almakashin da ke yanko amiloyid.

A gefe guda, Masatoshi Takeichi na Jami'ar Kyoto ya shafe ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980 yana bin wata tambaya da ba ta da alaƙa da tsufa a zahiri: me ke riƙe ƙwayoyin jiki su manne da juna? Ya gano furotin da aka raɗa wa suna kadherin, waɗanda ke aiki kamar laka tsakanin tubala, kuma ba sa kamawa sai da sinadarin kalsiyam. A ƙwaƙwalwa suna cikin masu ɗaure mahaɗar da saƙo ke bi daga wata ƙwaya zuwa wata. Daga 1999 ɗakin gwaje-gwajen Nikolaos Robakis a New York ya nuna cewa presenilin na haɗuwa da kadherin, daga baya kuma aka ga yana yanka shi. Wannan ya ƙarfafa masu cewa mantuwa na farawa ne tun lokacin da mahaɗa ta saki, kafin ƙwayar ta mutu. Amma kusan duk wannan ilimi an gina shi ne a kan ƙwaƙwalwa da jinin mutanen Turai da Amurka.

Giɓin ya fito fili a Ibadan. A 1992 Benjamin Osuntokun da Hugh Hendrie suka fara kwatanta tsofaffin Yarabawa da baƙaƙen fatar Indianapolis, da ma'auni ɗaya. Sakamakon 1995 ya nuna masu gigin tsufa kashi 2 da ɗoriya ne cikin 100 a Ibadan, da sama da kashi 8 a Indianapolis idan an haɗa da mazauna gidajen kula da tsofaffi. Abin da ya fi girgiza masana shi ne APOE4: Yarabawa da dama na ɗauke da ita, amma ba ta nuna irin ƙarfin da take nunawa a Turawa ba. Wannan ya tilasta wa masu ɗakin gwaji su koma su tambayi abin da ke rage mata kaifi, ko abinci ne, ko kitsen jini, ko wasu ƙwayoyin gado da ke maƙwabtaka da ita. A Benin ma an bi gida-gida, tare da masanan Jami'ar Limoges ta Faransa: an samu kashi 2.6 a karkarar Djidja a 2009, da kashi 3.7 a Kwatano a 2011. Duka biyun kudu ne. Arewa ta shigo ne bayan kafa Jami'ar Parakou a 2001, inda likitan ƙwaƙwalwa Thierry Adoukonou da abokan aikinsa suka binciki shanyewar ɓarin jiki da farfaɗiya, har da gigin tsufa a tsakanin 'yan fansho.

Wani zai ce alƙaluman da kansu sun nuna cutar ba ta da yawa a nan, don me za a kashe kuɗi a kanta ana fama da zazzaɓin cizon sauro? Ƙarancin kaso yana da bayani fiye da ɗaya. Wanda ya ruɗe a inda kulawar asibiti ta yi ƙaranci ba ya daɗewa, sai mai ƙidaya ya zo ya tarar babu shi. Ma'aunin ma yana da nasa tasiri, domin dattijon Djougou da ya yi karatun allo, yana magana da Dendi da Hausa, ba za a auna hankalinsa da tambayoyin Faransanci a samu gaskiya ba. Shi ya sa masu aikin Ibadan suka haɗa tambayar tsoho da tambayar wanda ke zaune da shi. Sannan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke ɗauke da larurar gigin tsufa, fiye da kashi 60 cikinsu a ƙasashe masu ƙaramin ko matsakaicin ƙarfi, kuma adadin na ƙaruwa ne da yawan masu tsufa.

Wani kuma zai ce binciken furotin aikin masu kuɗi ne, tunda maganin lecanemab da Amurka ta amince da shi a 2023 ya fito da farashin dala 26,500 a shekara. Gaskiya ne ba iyalin Ganou da za su iya sayensa. Sai dai ɗakin gwaji ba don wannan magani kaɗai ake kafa shi ba. Shi ke bambanta ruɗewar da hawan jini ya jawo, da wadda ƙarancin bitamin B12 ko matsalar maƙoƙo suka haifar, da cutar Alzheimer ta ainihi. Hawan jini ana iya riƙe shi da magani mai araha kafin ya yi ɓarna, ƙarancin bitamin da matsalar maƙoƙo kuma suna da magani. Al'adar haƙuri da tsoho ta kare mutuncin dattawa da yawa, amma tana zuba waɗannan cututtuka duka a kwando ɗaya, mai iya warkewa ya zauna tare da wanda ba zai warke ba.

Darasin Ibadan shi ne cewa tambayar da ta gyara ilimin duniya ta fito ne daga likitocin da suka san harshen tsofaffinsu da abincinsu. Parakou na da makarantar likitanci, da asibitin koyarwa na Borgou da Alibori, da jama'a masu asali daban-daban da hanyar goro ta tara wuri ɗaya, abin da mai nazarin gado ke nema ruwa a jallo. Abin da ya rage shi ne firji mai ajiyar jini da wutar da ba ta yankewa, da horar da matasan da za su auna furotin a gida, da yarjejeniyar da za ta sa sakamako ya dawo wa iyalin da suka ba da jininsu.