Kwanon Gwamnati, Farantan Jama'a

Shiga duk ƙaramin gidan abincin da ka ga dama a Koriya ta Kudu, daga lungunan Seoul har bakin tashar jiragen ruwa ta Busan, shinkafarka a kwano iri ɗaya za ta zo: ɗan kwanon silba mai murfi, wanda tafin hannu ɗaya zai rufe bakinsa. Baƙo yakan ɗauka gado ne na kaka da kakanni. Alhali kwanon nan dattawan yau sun girme shi, kuma ma'aikatan gwamnati ne suka yanka masa awo a kan takarda. A watan Yunin 1976 hukumar birnin Seoul ta ce faɗin kwanon shinkafa a gidan abinci santimita 10.5 ne, zurfinsa 6, kuma kada a cika shi, a tsaya a kashi huɗu cikin biyar. Wanda aka kama da saɓawa a rufe masa shago wata ɗaya. In ya sake, a ƙwace lasisi.

Lokacin da nake karatu a Seoul, a irin shagon da suke kira gidan baekban na fi cin abincin rana. Tebur shida ne, da talabijin a maƙale kusa da rufi, da wata dattijuwa wadda ita ce mai girki, ita ce mai kawowa, ita ce mai karɓar kuɗi. Cokali da tsinkayen cin abinci suna cikin durowa a gefen tebur, ruwa kuwa ka tashi ka ɗebo da kanka. Ba a tambayar me za ka ci, abin da ta dafa ranar shi ne. Kafin ka gyara zama an jera maka ƙananan farantai, banchan ke nan: kimchi na kabeji, tsiron wake, soyayyar awara, busassun ƙananan kifi da aka juya a sukari da barkono, ganyen teku. Sai miyar daddawar waken suya tana tafasa a kaskonta, da gasasshen kifin nan da muke kira taitus. Duk wannan won 6,000 a lokacin. In faranti ya ƙare ka ɗaga shi, a ƙaro maka, ba ko sisi. Amma in shinkafa ka nemi ƙari, won 1,000 ne, yana nan rubuce a bango. Wannan bambanci na daɗe ina juya shi a raina: me ya sa abin da ya ci wahalar yanka da wanki da jiƙo kyauta ne, dafaffiyar shinkafa kuwa sai da kuɗi?

Sayar da abinci ga matafiyi ya daɗe a ƙasar. A zamanin sarautar Joseon, musamman bayan kuɗin tagulla sun yaɗu daga 1678 kuma kasuwannin da ke ci duk kwana biyar sun yawaita, an samu masaukai a mararraba da mashigar ruwa, ana kiransu jumak. Mata ne suka fi riƙe su. Fatake da 'yan koli da ɗaliban da ke tafiya birnin sarki rubuta jarrabawar shiga aikin hukuma duk nan suke yada zango, kuma wanda ya sayi abinci ba ya biyan kuɗin kwana, sai dai ya matsa cikin ɗaki ɗaya da sauran baƙi. Abincin kuwa gukbap ne, shinkafa cikin romo. Da yake babu yadda za a ajiye shinkafa da zafinta, mai masauki takan sa ta cikin kwano da sanyinta, ta zuba tafasasshen romo da ludayi, ta tsiyaye, ta sake zubawa, har ƙwayar ta ɗau zafi. Na ƙarshen irin waɗannan masaukai yana Samgang, a gundumar Yecheon, inda koguna uku suka haɗu. Matar da ta riƙe shi ta rasu a 2005. Ba ta yi karatu ba, don haka a bangon ɗakin girkinta take rubuta bashin masu fito da 'yan dako: gajeren zane ƙaramin awo, dogon zane babba, wanda ya biya ta ja layi ta gicciye nasa. Zanen yana nan, an sa masa gilashi, kuma akwai da yawa da ba a gicciye ba.

A cikin Seoul kuwa, bayan babban titin Jongno akwai wani siririn lungu, Pimatgol, da talakawa suke bi don kada su yi ta faɗuwa gaisuwa duk lokacin da wani babba ya wuce a kan doki. Inda talaka ke bi nan mai abinci ke kafa tukunya. A wannan yanki aka buɗe Imun Seolnongtang a farkon ƙarni na 20, gidan romon ƙashin sa da ake ɗauka shi ne mafi tsufa a birnin, da Cheongjinok a 1937, wanda ya fara da ciyar da masu kawo itacen girki kasuwa da asuba. An rushe mafi yawan lungun a shekarun 2000, an gina dogayen benaye, tsofaffin shagunan suka watse zuwa wasu wurare.

Abin da ya haifi kwanon silba yunwa ce. Japan ta mulki Koriya daga 1910 zuwa 1945, tana kwasar shinkafar ƙasar ta tashoshi irin Gunsan, kuma a shekarun yaƙin duniya na biyu ta bi gida-gida tana karɓe kwanukan tagulla don a narkar a yi makamai. Ba a gama farfaɗowa ba yaƙin Koriya ya ɓarke a 1950, ya ci shekara uku. Har cikin shekarun 1960 manoma suna da lokacin da suke tsoro a kowace shekara, ƙarshen bazara, sa'ad da shinkafar bara ta ƙare sha'ir kuma bai nuna ba. Duk wanda ya taɓa ganin rumbu fanko a tsakiyar damina, gero yana tsaye kore shar a gona, ya san irin wannan jira. Abin da ya toshe ramin shi ne alkamar agaji daga Amurka. Da fulawarta 'yan gudun hijirar Arewa suka ƙirƙiro taliyar milmyeon a Busan, kuma da ita kamfanin Samyang ya fitar da taliyar leda ta farko a 1963, won 10 ƙunshi.

Janar Park Chung-hee, wanda ya yi juyin mulki a 1961, bai ɗauki tukunyar kowa a matsayin sirrinsa ba. A 1969 gwamnatinsa ta hana gidajen abinci sayar da shinkafa ranar Laraba da Asabar, daga ƙarfe 11 na safe zuwa 5 na yamma. Sauran ranaku ma sai an cakuɗa aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na sha'ir ko taliya. Abin da ya sa ke nan, in ji masu tarihin abinci, har yau ake tsintar 'yar taliya a ƙasan kwanon romon ƙashi. An hana yin giyar gargajiya da shinkafa. A makarantu malamai suna buɗe kwanon abincin yara su duba ko uwa ta yi ha'inci ta dafa fara zalla. Mutumin Koriya kuwa maciyin shinkafa ne na gaske: a 1970 kowane mutum ɗaya yana cin kilo 136 a shekara, kuma kwanon gida na wancan zamani ya fi na yau girma nesa ba kusa ba, a cika shi har ya yi tozo. Ganin ba za a iya tsayawa a kan kowane maciyi ba, sai aka koma kan kwanon. Silba ta riga ta kori tagulla daga ɗakunan girki, don hayaƙin dunƙulen kwal da ake dafuwa da shi yana baƙanta tagulla, ga wahalar goge ta. Aka ɗauki abin da ke hannun mutane aka rage masa girma. Masanin tarihin abinci Joo Young-ha ya bi diddigin waɗannan umarce-umarce, har zuwa 1981 da ma'aikatar lafiya ta shimfiɗa awon Seoul a kan ƙasar baki ɗaya.

Abin dariyar shi ne kafin 1981 an riga an ƙoshi. Farfesa Heu Mun-hue na Jami'ar Ƙasa ta Seoul, wanda ya yi aiki a cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke Filifin, ya haɗa irin da aka sa wa suna Tongil, aka raba wa manoma daga 1972, wasu da lallashi, wasu da tilas. A 1977 an girbe tan miliyan 6, aka soke ranakun hana shinkafa. Mutane ba su taɓa son ɗanɗanonta ba, wai ba ta da danƙo (mu masu son shinkafa wara-wara da ba mu ga laifinta ba), sanyin 1980 kuma ya lalata ta, a farkon shekarun 1990 aka daina nomanta.

Doka ta tafi, kwano ya zauna, domin ya yi wa masu shago daidai. Kwanon da ke da murfi kuma girmansa ɗaya ana iya cika ɗari tun da hantsi, a jera su bisa juna cikin akwatin ɗumama abinci. Ƙarfe sha biyu na bugawa ma'aikatan ofis su ɓarko, kowa a dire masa nasa cikin daƙiƙa. Ba sauran zuba romo a tsiyaye. Ƙasar da ke gina masana'antu ba dare ba rana tana bukatar abincin da ba ya ɓata lokaci, kuma an samu gidajen abinci na direbobin tasi, masu filin ajiye mota da canjin kuɗi, inda mutum ɗaya zai zauna ya ci ya tashi cikin minti goma sha biyar. A kasuwannin Namdaemun da Dongdaemun har yanzu za ka ga mata ɗauke da tire uku ko huɗu bisa kai, an rufe da jarida, suna ratsa cunkoso zuwa rumfunan 'yan tufafi. Murfin nan ne ya sa shinkafar ke isa da zafinta. Za ka kuma ga maciyi ya riƙe kwanon da hannu biyu ya girgiza shi kafin ya buɗe, don shinkafar ta saki gefe ta dunƙule.

A kan ƙananan farantai kuwa gwamnati kaye ta sha, ba sau ɗaya ba. A 1983, ana shirin wasannin Asiya na 1986 da na Olamfik na 1988, gwamnatin Chun Doo-hwan ta ga tebur cike da farantan da ba a cinyewa abin kunya ne a idon baƙi, ga zargin ana mayar da saura a kawo wa na gaba. Sai ta kawo tsarin kowane faranti da kuɗinsa, ka zaɓa ka biya. Masu ci suka ce rowa ce, masu shago suka ga ciniki na gudu, tsarin ya mutu ba a yi masa jana'iza ba. A 1992 aka sake gwadawa da lallami, a rage yawan farantai. A 2009 aka haƙura da ragewa, aka tsaya kan hukunta mai sake kawo saura, da rufe shago kwana 15 a karon farko. Ko a kakar 2010, da ruwan sama ya ɓata kabeji har kai ɗaya ya haura won 10,000, shugaba Lee Myung-bak ya ce a yi masa kimchi da kabejin Turawa, gwamnati ta janye harajin shigo da na Sin, 'yan shagunan da suka nemi kuɗin ƙarin kimchi sun sha tsegumi kamar sun yi sata. A ganina dalilin a fili yake. Shinkafa an saba ganinta da awo tun zamanin yunwa, mai ci ya yarda kaya ce ta sayarwa. Farantan kuwa su ne shaidar cewa a gidan mutum kake ci, kuma ba a lissafa wa baƙo loma.

Sai dai wani ke biyan wannan karamci, kuma na san ko wace ce a shagonmu. Kafin gari ya waye ta dawo daga kasuwa, kafin sha ɗaya ta gama abu shida ko bakwai, kowanne da wankinsa da yankansa. Bayan durƙushewar tattalin arziki ta 1997, dubban waɗanda aka sallama daga aiki sun zuba kuɗin sallamarsu a gidajen abinci, gasa ta yi tsanani, ba mai iya ƙara farashi. Mai taya wanke-wanke sau da yawa Bakoriya ce 'yar ƙasar Sin, daga cikin waɗanda suka yi ta shigowa bayan ƙasashen biyu sun ƙulla hulɗa a 1992. Kimchin ma a shaguna da yawa daga Sin yake zuwa a kwali, don na gida ya fi ƙarfin abinci mai araha irin wannan. Matasa masu buɗe shago yanzu sun fi son abinci kala ɗaya, kaza ko taliya, ba ruwansu da farantai bakwai. Ban ga laifinsu ba.

Ga ɗan'uwa Musulmi da hanya za ta kai shi can: akwai allon da doka ta wajabta a liƙa a bango, mai nuna ƙasar da shinkafa da kimchi da kowane nama suka fito, yana taimakawa wajen gane abin da ke cikin tukunya. Amma tambaya ta fi. Miyar kimchi galibi da naman alade ake yinta, kuma in ka ce ba ka cin nama, wasu ba sa lissafa naman gwangwani da tsiran Turawa a cikin nama, sai ka ambace su da suna. Tsohuwar tamu da ta gane, kifi da awara take ajiye mini, ranar da miyar ba tawa ba ce kuwa tun daga ƙofa take kaɗa mini hannu.

A 2023 cin shinkafar mutum ɗaya a Koriya ta Kudu ya sauko kilo 56.4, ƙasa da rabin na 1970, nama ma ya wuce ta. Gwamnati tana sayen rarar manoma tana tarawa a rumbuna. Tun 2017 ma'aikatar noma take biyan tallafi ga jami'o'i don ɗalibi ya ci karin kumallo a kan won 1,000, da sharaɗin a sa shinkafa a ciki.