Guba, Cin Abinci da Sukarin Jini: Abin da Gwajin Ɓeraye Ya Nuna

Idan kana noman rani a Bomo, ko kana ajiye maganin ƙwari a gida, ya kamata ka san cewa illar guba ba ta tsaya ga amai da jiri kaɗai ba. Wasu sinadarai suna taɓa cin abinci da sukarin jini. Yawancin abin da likitoci suka sani game da wannan, daga gwajin dabbobi aka samo shi, irin wanda ake yi da ɓeraye a sassan haɗa magunguna da likitancin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru.

Me ake gani a jikin ɓera?

Akwai wata gaɓa a bayan tumbi da ake kira fankiriyas. Ita ce ke samar da insulin, sinadarin da ke shigar da suga daga jini zuwa tsokar jiki. A shekarar 1943, masu bincike a Gilasgo suka gano cewa sinadarin alloxan yana kashe ƙwayoyin da ke yin insulin a jikin zomo. Har yau da shi, ko da streptozotocin, ake sa wa ɓeraye ciwon suga don gwada magani.

Cikin 'yan kwanaki sukarin ɓeran zai hau, ya riƙa shan ruwa da yawan fitsari. Yana cin abinci fiye da da, amma yana ramewa, domin sugan ya tsaya a jini, jiki bai amfana da shi ba.

Magungunan feshi irin su chlorpyrifos da dichlorvos, wanda ke cikin Sniper, jijiyoyi suke kamawa. Dabbar da ta sha da yawa takan ƙi abinci, sukarinta kuma yakan hau na ɗan lokaci.

Haka abin yake ga mutum?

Ɓera ba mutum ba ne, kuma adadin da ake ba shi yakan fi wanda manomi ke shaƙa. Amma an taɓa ganin irin wannan a jikin mutane. Wani maganin ɓera mai suna Vacor ya lalata fankiriyas ɗin mutanen da suka sha shi a Amurka da Koriya ta Kudu, suka kamu da ciwon suga. An janye shi daga kasuwar Amurka a 1979.

Yadda za ka kare iyalinka

- Ka rufe hanci da baki, ka sa safar hannu da takalmi lokacin feshi.
- Kada ka ci abinci ko goro sai ka wanke hannu da sabulu.
- Kada a zuba magani a kwalbar lemo, kada a yayyafa Sniper a wake ko busasshen kifi.

Yaushe za ka je asibiti?

Idan wani ya sha ko ya shaƙi maganin, kuma yana dalalar miyau, zufa, amai ko numfashi da ƙyar, a kai shi asibiti nan take tare da kwalbar. Kada a ba shi manja ko madara, kada a sa shi amai.

Idan kuwa kana yawan ƙishirwa da fitsarin dare, ko kana ramewa alhali kana ci, ka je a auna sukarinka da safe kafin karyawa. Idan ya kai 126 mg/dL sau biyu, alamar ciwon suga ce. Ka gaya wa likita irin sinadaran da kake aiki da su.