Minti Tamanin: Yadda Doka Ta Sauya Ma'aunin Jarumtaka a Wasan Zari-Ruga

Ranar 5 ga Yulin 1958, a birnin Brisbane na ƙasar Ostireliya, kyaftin ɗin tawagar Birtaniya, Alan Prescott, ya karye a hannun dama 'yan mintuna da fara wasa. Doka a lokacin ba ta yarda a sako wani a madadin wanda ya ji rauni ba. Ba a jima ba abokin wasansa David Bolton ya karye a ƙashin wuya, aka fitar da shi, tawagar ta ragu. Da aka tafi hutun rabin lokaci likita ya shawarci Prescott ya haƙura, ya ƙi. Ya ƙarasa wasan hannu na reto, Birtaniya ta yi nasara da ci 25 da 18, daga baya kuma ta lashe jerin wasannin baki ɗaya.

Prescott ginshiƙi ne, wato ɗaya daga cikin ƙartin da ke tsaye a sahun farko, masu ɗaukar ƙwallo su afka wa bangon abokan hamayya. A yau mai riƙe da wannan matsayi a gasar NRL ta Ostireliya ko Super League ta Ingila yakan buga tsakanin minti 40 da 55 ne cikin 80, sauran lokacin yana zaune a benci da tawul a wuya. Nan ne tushen wata gardama da ba ta ƙarewa tsakanin magoya baya. Wasu na cewa ƙaton da ake biya miliyoyi ya kamata a gan shi a fili tun daga busa ta farko har ta ƙarshe. Wasu na cewa minti 25 na ɓarna sun fi minti 70 na jan ƙafa. Kowane ɓangare yana awo ne da mudun zamanin da ya buɗe ido a ciki, kuma an sha sauya mudun a cikin shekara ɗari da talatin.

Wasan ma'aikata

Wannan reshe na zari-ruga mai 'yan wasa 13, wanda Turawa ke kira Rugby League, daga rigimar kuɗi aka haife shi. Ranar 29 ga Agustan 1895 ƙungiyoyin arewacin Ingila suka hallara a otal ɗin George da ke Huddersfield, suka ɓalle daga hukumar da ke Landan. 'Yan wasansu mahaƙa gawayi ne da ma'aikatan masaƙu, waɗanda ke asarar ladan yini duk Asabar ɗin da suka fita wasa, hukumar kuwa ta haramta biyan su diyya. Sabuwar ƙungiyar ta amince da biyan sule shida a kan ranar aikin da aka rasa.

Tunda da kuɗin ƙofa ake biyan 'yan wasa, dole wasan ya gamsar da mai kallo. A 1906 aka rage 'yan wasa daga 15 zuwa 13, kuma 'yan gaba biyu aka cire, don fili ya buɗe. A 1908 aka fara gasa a Sidni. Tun daga nan tarihin dokokin wasan ya zama neman daidaito tsakanin ƙarfi da sauri, kuma a jikin ƙartin gaba ake gwada kowane sabon ma'auni.

Jama'ar da suka cika filayen nan sun san aikin ƙarfi, sun kuma san abin da ake cewa game da wanda ya bar ramin gawayi kafin lokacin tashi. Da wannan idon suka kalli ɗan wasa. A 1914, a Sidni, tawagar Birtaniya ƙarƙashin Harold Wagstaff ta buga mafi yawan rabin lokaci na biyu da mutum goma, bayan uku sun jikkata, ta kuma doke Ostireliya 14 da 6. An laƙaba wa wasan sunan Rorke's Drift, wani fagen yaƙi a Afirka ta Kudu inda 'yan tsirarun sojojin Birtaniya suka tsaya wa rundunar Zulu a 1879. Wannan suna kaɗai ya isa ya nuna yadda ake ɗaukar zama a fili: kamar tsayuwa a bakin daga.

Hatta bayan an fara yarda da canji, al'adar ba ta gushe ba. A wasan ƙarshe na gasar Sidni a 1970, John Sattler, kyaftin ɗin South Sydney, ya karye a muƙamuƙi tun farkon wasa da Manly, ya ƙi fita, ƙungiyarsa ta ci 23 da 12. Arthur Beetson kuwa, wanda ake sakawa cikin ginshiƙai mafi hazaƙa da aka taɓa gani, a farkon zamansa a Balmain zolayarsa ake yi da laƙabin "mai rabin wasa", domin yakan yi abin mamaki na ɗan lokaci sannan ya lafa. Shi ne daga baya, a 1973, ya zama ɗan asalin ƙasa na farko da ya riƙe kyaftin ɗin tawagar Ostireliya, ya kuma jagoranci Eastern Suburbs ta ɗauki kofi a 1974 da 1975. Abin da aka yi masa gori a kai shi ne yau ake ɗaukar 'yan wasa musamman dominsa.

Ƙofar benci ta buɗe

A 1964 Birtaniya ta amince da sako wani a madadin wanda ya ji rauni, amma kafin hutun rabin lokaci kawai. A 1969 aka sassauta, koci ya sami damar yin canji a kowane lokaci kuma bisa kowane dalili. Duk da haka, wanda ya fita ya fita ke nan.

A daidai wannan zamani wasu dokoki biyu suka sauya aikin ɗan gaba. Da, ƙungiya na iya riƙe ƙwallo iya son ranta muddin ba ta yi kuskure ba, kuma da wannan salo, cikin wasu dalilai, St George ta ɗauki kofin Sidni sau 11 a jere, daga 1956 zuwa 1966. A 1966 Ingila ta ƙayyade cewa bayan kayarwa huɗu sai a rabu da ƙwallo, a farkon shekarun 1970 aka mayar da su shida. Kowace ɗauka ta zama mai tsada, ana son ta haifar da mitoci. Sai kuma a farkon shekarun 1990 aka ninka tazarar da masu tsaro za su ja da baya bayan kowace kayarwa, daga mita biyar zuwa goma. Wannan ya ba mai ɗaukar ƙwallo filin ɗaukar gudu, karo ya ƙara muni, shi kuma mai tsaro ya koma yana kai da komowa ta mita goma sau da yawa a cikin minti guda. Ga mutum mai nauyin sama da kilo 100, wannan azaba ce da Prescott bai taɓa sani ba.

A 1991 hukumar wasan ta jihar New South Wales ta kawo tsarin shiga-da-fita, inda ɗan wasa zai fita ya huta ya sake dawowa. Babban dalilin farko na lafiya ne, don a riƙa fitar da mai zubar da jini saboda tsoron cututtukan da ake ɗauka ta jini. An fara ba tare da iyaka ba, 'yan kallo suka yi ca, cikin 'yan makonni aka taƙaita shi zuwa sau shida. A tsakiyar shekarun 1990, lokacin da kuɗin talabijin suka malalo kuma 'yan wasa suka bar sauran sana'o'i suka koma wasa zalla, Ostireliya ta sake cire iyakar.

Kociyoyi ba su yi wata-wata ba. Idan ana iya hutar da mutum duk bayan minti goma, babu dalilin neman mai dogon numfashi; sai a nemi mafi girma. A Ingila, ƙungiyar Bradford Bulls ta farkon shekarun 2000 ta yi suna da ginshiƙai huɗu, Stuart Fielden da Paul Anderson da Joe Vagana da Brian McDermott, tana sako su bibbiyu, waɗannan su gaji waɗancan su shigo da sabon jini. Bradford ta ɗauki kofin Super League a 2001 da 2003 da 2005. A wannan zamani ne aka haifi matsayin ɗan benci mai tasiri, wanda aikinsa shi ne ya shigo lokacin da abokan hamayya suka fara haki, ya tarwatsa su, ya koma ya zauna.

Maido da gajiya

Abin da aka rasa shi ne gajiya, kuma gajiya ce ke buɗe wa ƙananan 'yan wasa masu dabara hanya a mintunan ƙarshe. Saboda haka hukumar NRL ta fara janye abin da aka bayar: canji 12 a 2001, goma a 2008, takwas a 2016. Super League ta sauko zuwa takwas a 2019. A 2020 NRL ta ƙara wata doka: idan mai tsaro ya yi wa wanda ya kayar jinkirin tashi, alƙalin wasa ba ya tsayar da wasa, sai ya sabunta wa masu ƙwallo kayarwa shida nan take. Hutun daƙiƙoƙin da ƙarti ke sata a lokacin bugun laifi ya ragu sosai.

Lissafin koci a yau mai sauƙin faɗi ne, mai wuyar yi. Yana da mutum huɗu da zai sako daga benci da canji takwas. Fitar da ginshiƙai biyu da maido su ya cinye huɗu. Rauni ɗaya na iya rushe sauran shirin. Don haka ɗan gaban da zai iya buga minti 65 ba tare da ƙarfinsa ya ragu ba yana tsimin canjin da za a kashe a wani wuri, kuma wannan fa'ida ce da ba ta fitowa a jadawalin mitoci.

Babu wanda gardamar ta taru a kansa kamar Jason Taumalolo na North Queensland Cowboys. A 2016 ya raba kyautar Dally M ta gwarzon shekara da Cooper Cronk, abin da ba kasafai ɗan gaba ke samu ba. A 2017 ya sa hannu a kwantiragin shekara goma ta kusan dalar Ostireliya miliyan goma. Da sabon koci Todd Payten ya zo a 2021 ya rage masa mintuna, da hujjar cewa jikin da aka ɗaure da alkawarin shekara goma sai an yi tattalinsa, magoya baya suka rabu biyu. Masu suka suna raba albashi da mintuna, suna cewa a gasar da aka ƙayyade wa kowace ƙungiya abin da za ta kashe, kuɗi mai yawa haka bai kamata ya zauna a benci ba. Masu goyon baya suna raba mitoci da mintuna, suna duba mitocin da yake ci bayan an riga an cafke shi, da saurin da yake tashi ya miƙa ƙwallo. A ɗaya gefen akwai Spencer Leniu, wanda ya ɗauki kofi uku a jere da Penrith daga 2021 zuwa 2023 yana shigowa daga benci, mintunansa kaɗan, ɓarnarsa mai yawa.

Dukkan lissafin biyu suna da makanta. Ƙididdigar minti-minti tana fifita ɗan benci, domin yana shigowa da ƙarfinsa a kan mutanen da wani ya riga ya gajiyar. Wani ya yi noma, shi ya zo girbi. Jimillar wasa kuma tana ɓoye wanda ya daɗe a fili amma ya riƙa makara wajen komawa layi, ya bar ramin da aka bi aka ci.

Mudu na uku

A wasan ƙarshe na 2014, a karon farko na wasan, kan Sam Burgess na South Sydney ya haɗu da na James Graham na Canterbury. Burgess ya karye a ƙashin kumatu, ya buga minti 80 cif, aka ba shi lambar gwarzon wasan, ƙungiyarsa ta ci 30 da 6, ta ɗauki kofinta na farko tun 1971. Jaridu suka haɗa sunansa da na Sattler. Amma a wannan karon, tare da yabon, an ji wata tambaya da ba a yi a 1970 ba: ya dace a bar shi ya ci gaba?

Shekarun da suka biyo baya sun ƙara wa tambayar nauyi. Bayan rasuwar Steve Folkes, tsohon ɗan gaban Canterbury, a 2018, bincike ya gano a ƙwaƙwalwarsa cutar da ake dangantawa da yawan buguwar kai. Graham kansa ya bayyana a 2022 cewa hoton ƙwaƙwalwarsa ya nuna alamun lahani. A Birtaniya tsofaffin 'yan wasa sun kai hukumar wasan kotu. Dokoki suka bi sawu: wanda ake zargin ya bugu a kai sai an fitar da shi an gwada shi na minti 15 ba tare da an cinye wa ƙungiyarsa canji ba, kuma tun 2023 wanda aka tabbatar ya bugu a NRL sai ya huta kwana 11. A ƙarshen shekarar ne hukumar Ingila ta amince da ƙayyade yawan wasan da mutum zai buga cikin wata goma sha biyu, kuma iyakar 'yan gaba ta fi ta 'yan baya ƙanƙanta.

Ta haka minti ya sami ma'ana ta uku. A zamanin Prescott shaidar mutunci ne, a zamanin Taumalolo abin da aka saya da kuɗi, yanzu kuma likitoci suna ƙirga shi a matsayin adadin karon da kai ya sha. Dokokin da ke maido da gajiya don wasa ya yi armashi suna jan ɗan gaba ya daɗe a fili, dokokin kare ƙwaƙwalwa suna jan sa zuwa benci, kuma hukuma ɗaya ce ke rubuta duka biyun. Magoyin bayan da ke ihu a sako ƙatonsa a minti na 55 yana magana da harshen Huddersfield na 1895, kuma yana da tarihi a bayansa. Sai dai wanda ake yi wa ihun zai ajiye takalma yana da shekara talatin da 'yan kai, sauran shekarun kuma da kan da ya fito da shi daga fili zai rayu.