Yadda littattafai suka riƙe Doctor Who bayan talabijin ta ajiye shi

Idan ka taɓa bin shiri mai dogon zango, kwatsam aka dakatar da shi ba a kai ƙarshe ba, ka san haushin da ke ciki. Abin da ya sami masu kallon Doctor Who ke nan a Birtaniya. BBC ta fara nuna shirin ranar 23 ga Nuwamba 1963, labarin wani baƙo daga wata duniya, ana ce masa Dakta, mai yawo cikin sararin samaniya da cikin zamani da na'urarsa TARDIS. A watan Disamba 1989, bayan zango 26, masu kallo sun ragu, tashar ta ajiye shi.

To, ya aka yi labarin bai mutu ba? Tun 1973 kamfanin Target ke mayar da labaran da aka nuna a talabijin zuwa littattafai. Da shirin ya tsaya, labaran da ba a buga ba suka kusa ƙarewa. Virgin, wanda Target ya koma hannunsa, sai ya nemi izinin BBC ya ƙirƙiri sababbi, su ɗora daga inda talabijin ta tsaya. A 1991 littafi na farko ya fito, Timewyrm: Genesys na John Peel, wanda ya kai Dakta da abokiyar tafiyarsa Ace tsohuwar Mesofotamiya, zamanin sarki Gilgamesh.

Ka lura da abu biyu. Na ɗaya, takarda ba ruwanta da kasafin kuɗi. A talabijin kowace duniya sai an gina ta da katako da fenti, a littafi kuwa jimla guda ta isa. Marubuta suka samu sararin rubuta wa manya labarai masu nauyi, har wasu tsofaffin masoya suka yi ƙorafi cewa an wuce gona da iri.

Na biyu shi ne ya fi tasiri. Edita Peter Darvill-Evans ya buɗe ƙofa ga kowa ya aiko da rubutunsa, ko da bai taɓa buga littafi ba. Ta nan Paul Cornell ya shigo a 1991, Mark Gatiss ya biyo da Nightshade a 1992. Russell T Davies, wanda ya riga ya fara aiki a talabijin, ya rubuta Damaged Goods a 1996. Littattafai 61 aka buga da Dakta a ciki kafin BBC ta karɓe izinin a 1997.

Yanzu duba abin da ya biyo baya. A 2005 shirin ya dawo talabijin, kuma Davies ne ya jagoranci dawowar, Cornell da Gatiss na cikin marubutan zangon farko. A 2007 aka ɗauki Human Nature, littafin Cornell na 1995, aka mayar da shi shiri kashi biyu: Dakta ya zama ɗan Adam, ya manta ko shi wane ne, yana koyarwa a wata makaranta a Ingila gab da Yaƙin Duniya na Ɗaya. A da littafi ke bin talabijin, a nan talabijin ce ta bi littafi.

Har yau masoya na gardama kan ko abin da ya faru a littattafan yana cikin ainihin tarihin Dakta. Kana iya tsayawa duk ɓangaren da ka ga dama. Amma in ka ji an raina irin waɗannan littattafai, ana cewa neman kuɗi ne kawai da sunan shiri, ka tuna cewa a cikinsu waɗanda suka dawo da Doctor Who suka fara gwada hannunsu a kansa.