Daga Harajin Takarda Zuwa Fagen Fama

Idan muka koma shekarar 1763, za mu tarar da mazauna yankuna goma sha uku na gabashin Amurka suna alfahari da zama talakawan Sarki George na Uku. A shekarar aka gama Yaƙin Shekara Bakwai, Ingila ta raba Faransa da Kanada, kuma babu mai mafarkin raba gari da Landan. Sai dai nasarar ta bar Ingila da bashin da ya haura fam miliyan 120, ga sojoji kusan dubu goma da aka shirya girkewa a Amurka. Firayim Minista George Grenville ya ga cewa tunda mazauna yankunan ake karewa, ai sai su sa hannu a aljihu.

Harajin sukari na 1764 'yan kasuwa kawai ya ciza. Dokar hatimi ta 1765 kuwa ba ta bar kowa ba: jarida, takardar kotu, takardar mallakar fili, lasisi, har katin karta, duk sai an yi su a kan takardar da aka biya wa hatimin gwamnati. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, domin mutumin Ingila yana biyan abin da ya ninka na mutumin Amurka nesa ba kusa ba. Abin da ya ɓata ran mutane shi ne wanda ya ɗora shi. Fiye da shekara ɗari majalisun yankunansu ne ke yanka musu haraji, yanzu ga majalisar da ba su da ko wakili ɗaya a cikinta tana zura hannu daga ƙetaren teku. Grenville ya kuma yi rashin dabara, don lauyoyi da masu buga jarida dokar ta fi taɓawa, wato masu baki da alƙalami.

A watan Agusta mutanen Boston suka wayi gari da mutum-mutumin Andrew Oliver, wanda aka naɗa ya sayar da hatimin, yana lilo a reshen wata bishiya. Washegari ya ce ya haƙura da aikin. Kafin watan ya ƙare aka fasa gidan mataimakin gwamna Thomas Hutchinson, aka watsar da takardunsa a titi. A Oktoba wakilan yankuna tara suka haɗu a New York, mutanen da a da kowa gabansa yake ci. Aka ƙaurace wa kayan Ingila, 'yan kasuwan Landan suka ji a jikinsu, majalisa ta soke dokar a Maris na 1766. Amma a rana guda ta zartar da wata da ke cewa tana da ikon yi wa yankunan doka a kan kowane al'amari. Murna ta hana mutane da yawa lura da cewa an kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

Shekara na zagayowa ministan kuɗin Ingila Charles Townshend ya ɗora kuɗin fito a kan gilashi, dalma, fenti, takarda da ganyen shayi, da niyyar biyan albashin gwamnoni da alƙalai daga ciki, yadda ba za su ƙara jiran majalisun yankuna su biya su ba. Ƙauracewa ta dawo, mata suka koma kaɗi da saƙa a gida don kada a sayi yadin Ingila. Aka sauke sojoji a Boston a 1768, kuma ranar 5 ga Maris 1770 suka buɗe wuta a kan taron da ke jifansu da ƙanƙara, mutum biyar suka mutu. Cikinsu har da Crispus Attucks, mai jinin Afirka, a ƙasar da kusan kashi ɗaya cikin biyar na jama'arta bayi ne, waɗanda duk wannan kukan neman 'yanci bai haɗa da su ba. A shekarar Firayim Minista Lord North ya janye harajin, ya bar kwabo uku a kan kowace laba ta shayi, don kawai a san ikon yana nan.

Waɗannan kwabban uku ne suka kai mu daren 16 ga Disamba 1773. An ba kamfanin East India damar kawo shayinsa kai tsaye, har farashi ya sauka, amma mutane suka gane cewa wanda ya saya ya amince da harajin ke nan. Wasu maza suka yi shigar 'yan ƙabilar Mohawk, suka hau jiragen ruwa uku, suka fasa akwati 342 suka zubar a teku. Landan ta mayar da martani da rufe tashar Boston, ta rage ikon majalisar Massachusetts, ta naɗa Janar Thomas Gage gwamna. A ganina nan ne maganar ta tashi daga haraji ta koma ta mulki, domin kowane yanki ya ga cewa abin da ya sami Boston yana iya samunsa. Abinci ya riƙa kwarara zuwa garin har daga Carolina ta Kudu, kuma a Satumban 1774 yankuna goma sha biyu suka zauna taro a Philadelphia.

Ranar 19 ga Afrilu 1775 sojoji suka fita ƙwace makamai a Concord, aka yi arangama a Lexington, jini ya zuba. Duk da haka taron Philadelphia na biyu, bayan ya naɗa George Washington kwamanda, ya aika wa sarki takardar neman sulhu. Sarki ya ƙi karɓa, ya kira su 'yan tawaye. Littafin Thomas Paine na Janairun 1776 ya fito fili ya soki sarautar kanta, aka yi ta karanta shi a gidaje da wuraren hira, ranar 4 ga Yuli aka ayyana 'yancin kai.

Bayan Ingila ta sha kashi a Saratoga a 1777, Faransa ta shigo yaƙin, majalisar Landan ta yi dokar 1778 tana alƙawarin daina ɗora wa yankunan haraji, har ta soke na shayin. Amurkawa suka ce sai dai a amince da 'yancinsu ko a kwashe sojoji kafin a yi magana. Aka ci gaba da gwabzawa har Janar Cornwallis na Ingila ya miƙa wuya a Yorktown a 1781, aka rattaba hannu kan yarjejeniyar sulhu a Paris a 1783.