Azumin Sifawa: Shekarun da Wata Ya Bar Kaka Ya Shiga Marka

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna a Sifawa, kudu da Sakkwato, daga wajen 1810 zuwa 1815. Masu tarihi sun fi tunawa da garin saboda a nan ne, a 1812, ya raba ragamar mulki: gabas ga ɗansa Muhammadu Bello, yamma ga ƙanensa Abdullahi, wanda ya zauna kusa da shi a Boɗinga. Amma akwai wani abu da ya faru a kan idon jama'ar Sifawa a waɗannan shekaru wanda ba a cika waiwayarsa ba, wato yadda azumi ya yi ta ja da baya.

Ramadan na 1225 bayan Hijira ya kama ne a wajen ƙarshen Satumba 1810, gero ya nuna, ana shirin kai damma rumbu. Na 1230 kuwa ya kama a makon farko na Agusta 1815, tsakiyar marka, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai iso ba, ga kuma aikin gona. Ga al'ummar da ta fito daga shekarun yaƙi da yunwa, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Azumin mai cikakken rumbu daban, na mai kankare gindin rumbu daban.

Dalilin yana sama. Wata ba shi da hasken kansa, na rana yake aro, kuma yana kewaya duniya. Daga jinjiri zuwa jinjiri kwana 29 da rabi ne, shi ya sa wani watan ke yin 29, wani ya cika 30. Wata 12 sun ba da kwana 354. Ita kuwa duniya sai ta yi kwana 365 da kusan rubu'i kafin ta gama kewaya rana, tana tafe a karkace da kimanin digiri 23 da rabi. Wannan karkata ce ke kawo rana tsakar ka a Sifawa sau biyu a shekara, ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta, damina kuma sawun rana take bi zuwa arewa. Tazarar kwana 11 da ke tsakanin shekarun biyu ita ce ta ɗauke azumi daga kaka ta kai shi marka cikin shekara 5. Ko shekarun Shehu kansa sun nuna haka: an haife shi a Disamba 1754, ya rasu a Afrilu 1817, shekara 62 ke nan a lissafin rana, amma daga 1168 zuwa 1232 shekara 64 ne a lissafin wata.

To, da wane lissafi ake riƙe sabuwar daula? Da duka biyun. Azumi, Idi, hajji da kwanan watan wasiƙu na wata ne. Noma kuwa ba ya jiran wata. Malamai suna ƙirga taurari 28, kusan kowanne da kwana 13, bakwai-bakwai ga bazara, damina, kaka da ɗari. Har fikihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukan ya san da wannan, domin Muhtasar na Halilu ya ɗaura fitar mai karɓar zakkar dabbobi a kan hudowar Surayya da asuba, taurarin da muke kira Kaza da 'Ya'yanta. A ganina wannan shi ya fi komai nuna cewa mutanen nan ba su ɗauki duban sama a matsayin abin ƙyama ba.

Abin da suka ƙi shi ne duba. Bello ya yi rubutu yana gargaɗi a kan 'yan tsibbu da masu karanta ƙaddara a taurari. Shi ɗin ne kuma, lokacin da Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya zo Sakkwato a 1824 ya shimfiɗa masa taswirar sama, ya riƙa kiran buruji da taurari masu yawa da sunayensu na Larabci. Da Clapperton ya dawo a 1826 da littafin Iƙilidis na lissafi cikin Larabci, Bello ya shaida masa cewa gidansu sun taɓa mallakar kofi, gobara ta cinye.

Har yau daga fadar Sarkin Musulmi ake jiran sanarwar ganin wata, kuma har yau akan yi gardama idan wani ya rantse ya ga jinjirin da masu lissafi suka ce bai haihu ba. Jinjiri ba ya bayyana sai wata ya gifta ta tsakanin duniya da rana ya ɗan nisanta. Idan giftawar ta zo daidai saiti, inuwarsa ta faɗo mana, shi ne husufin rana, kuma ba ya aukuwa sai a ƙarshen wata. Ranar 29 ga Maris 2006, da hantsi, duhu ya rufe Gusau da Katsina na 'yan mintoci, kaji suka nufi akurki. Ƙarshen Safar ne, 1427.